Tsanin nan ya ƙi tsayuwa a lissafina, ina matsalar take?

Ɗan Aji Shida:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah a taimaka mini da wani aikin gida na Fiziks da ya hana ni sakat. Ga tambayar: tsani mai tsawon mita 5 da nauyin kilo 20 an jingina shi da bango mai santsi. Gindinsa ya ba bango tazarar mita 3, kansa kuma ya taɓa bangon a tsayin mita 4. Mutum mai kilo 60 zai hau. Lambar gogayya tsakanin gindin tsani da ƙasa, wato μ, 0.4 ce. An ce a nemo iya inda mutumin zai kai kafin tsanin ya zame, a ɗauki g, wato ƙarfin jan duniya a kan kowane kilo, a matsayin 10.

Na samu turin da ƙasa ke yi wa tsanin 800 N (niyuton, ma'aunin ƙarfi), gogayya kuma 0.4 × 800 = 320 N. Sai na ce bari in gwada da mutumin yana can ƙasa a gindin tsani. Bango na neman juya tsanin da 320 × 4 = 1280, nauyin tsanin kuwa 200 × 1.5 = 300 kacal. Ɓangarorin biyu sun ƙi haɗuwa. Kenan tsanin zai rabu da bango ya faɗo ta baya? Ko dai tambayar ce aka rubuta ba daidai ba?

Sarkin Fomula:
Wa alaikumus salam. Mutumina, wa ya aike ka gwaji? Abin da aka tambaya za ka amsa. 1280 = 300 + 360x, x = 2.72 m. Rubuta ka wuce. Irin wannan tambayar tsarinta ɗaya ne kullum, lambobi kawai ake sauyawa.

Ɗan Aji Shida:
Na gode Yaya, amsar ta yi daidai da ta bayan littafi. Amma ni 360 ɗin nan ban san daga ina ta fito ba, kuma abin da na tambaya na nan.

Malam Mai Alli:
Ɗana, gwajin da ka yi ya fi amsar daraja, kada ka bari a raina maka shi. Tambayar lafiyarta ƙalau. Inda gizo ke saƙar shi ne 320 N ɗin nan. Ba ita ce gogayyar da ke aiki a kowane lokaci ba, ita ce iyakar abin da ƙasa za ta iya bayarwa. Muddin abu bai motsa ba, gogayya na ba da gwargwadon abin da ake bukata ne kawai, ba ta ƙari. Ka tura buhun siminti da ɗan yatsa, gogayya ta mayar maka da ƙarfin ɗan yatsa. Ka sa ƙarfinka duka, ita ma ta ƙaru, har ta kai iyakarta, sannan buhun ya ja.

Saboda haka kada ka soma da μ. Ka ajiye ta gefe tukuna. Zana tsanin shi kaɗai, ba bango ba ƙasa, ka sa kibiya a duk inda wani abu ke tura shi ko jan sa. Kibiyoyi biyar za ka samu: nauyin tsani 200 N a tsakiyarsa, nauyin mutum 600 N a inda ya tsaya, turin ƙasa zuwa sama a gindi, gogayya a gindi tana fuskantar bango, da turin bango a kan tsani yana fuskantar waje. Bango mai santsi ne, don haka turinsa a kwance yake ɗoɗar, ba ya da rabo a sama ko ƙasa.

Sama da ƙasa su daidaita: turin ƙasa = 800 N. Hagu da dama su daidaita: gogayya = turin bango. Sai juyi. Ka ɗauki gindin tsani a matsayin madogara, domin ƙarfi biyu na bi ta wurin, juyinsu sifiri ne, ka huta da su. Idan mutumin ya hau mita x a jikin tsani, nisansa a kwance daga gindi shi ne x × 3/5. Ninka da 600, ga 360x ɗinka. Kenan turin bango × 4 = 300 + 360x, wato turin bango = 75 + 90x.

Yanzu duba. Yana gindi, 75 N kawai ake nema daga gogayya, ita kuma 75 take bayarwa. Ya hau mita 1, 165 N. Mita 2, 255 N. Kowace mita na ƙara 90 N. Sai a mita 2.72 bukata ke cin karo da iyakar 320 N. A wannan wuri ɗaya tak ne aka halatta maka rubuta gogayya = μ × turin ƙasa.

Ɗan Aji Shida:
Allah ya saka da alheri Malam. Yanzu na ga inda 360 ta fito. Kenan 800 ɗin ita ma daga doka ta uku ta Niyuton take, nauyi na danna ƙasa, ƙasa na ramawa?

Malam Mai Alli:
A'a, nan ma a kula. 800 ta fito ne daga sharaɗin cewa tsanin ba ya hawa ba ya nutsewa, wato jimillar ƙarfi a tsaye sifiri ce. Nauyi da turin ƙasa duk a kan abu ɗaya suke aiki, su kuwa abokan juna na doka ta uku kullum a kan abubuwa biyu daban suke. Duniya na jan mutum, abokin wannan shi ne mutum na jan duniya. Ƙasa na tura tsani, abokin wannan shi ne tsani na danna ƙasa. Hujja mai sauƙi: a cikin lif da ya fara tashi sama, turin da daɓensa ke yi maka ya fi nauyinka, alhali doka ta uku na nan ba ta karye ba.

Birkila:
Salamu alaikum malamai. Ni dai ban yi karatun nan naku ba, ɗana ne ya sa ni a zauren saboda ƙannensa. Amma wanda ya rubuta tambayar nan bai taɓa hawa tsani ba. Tsanin mita biyar ka ja gindinsa mita uku? Ai wannan kwanciya ce ba jingina ba. Yaro ya yi mini haka a wurin aiki sai ya sha faɗa. Kuma abin da na sani, ƙato shi ke zamar da tsani. Siririn yaro zai haye har sama lafiya, mai jiki ya taka ya zo ƙasa.

Ɗan Kanti:
Baba, ni kuma a ganina akasin haka ne. Mai nauyi ai shi ke danne gindin tsani da kyau, ƙasa ta riƙe shi gam. Ba ga shi a lissafin Malam ba, idan turin ƙasa ya ƙaru iyakar gogayya ma ta ƙaru?

Birkila:
Ɗana, kai kana kanti, ni ina kan bango. Gani ya kori ji.

Malam Mai Alli:
Ku bari lambobi su raba gardamar. Yaro mai kilo 30: turin ƙasa 500 N, iyakar gogayya 200 N, 800 = 300 + 180x, x = 2.78 m. Ƙato mai kilo 100: turin ƙasa 1200 N, iyaka 480 N, 1920 = 300 + 600x, x = 2.70 m. Baba Birkila ya yi gaskiya ta fuskar wanda zai riga zamewa, amma tazarar santimita 8 ce kawai, ko taki ɗaya na tsani ba ta kai ba. Ɗan Kanti ma bai yi ƙarya ba cewa riƙon ƙasa na ƙaruwa, sai dai juyin da mai nauyi ke kawowa na ƙaruwa tare da shi, kusan su cinye juna. A wannan tsanin, da yaro da ƙato duk a ɗan gaba da tsakiya za su zo ƙasa.

Birkila:
To ni abin da idona ya gani fa, Malam?

Injiniya:
Baba, abin da idonka ya gani gaskiya ne, sai dai wataƙila ba zamewa kaɗai ba ce. Tsanin katako na lanƙwasa a ƙarƙashin mai nauyi, taki na iya ɓallewa daga ƙusa, kuma mai jiki idan ya taka da ƙarfi yana girgiza tsanin, ƙarfin da ke sauka a wannan lokacin ya fi nauyinsa na tsaye. Lissafin aji ya ɗauka tsanin ba ya lanƙwasa kuma mutum na hawa a hankali kamar ba ya motsi.

Amma maganarka ta farko ita ce babba, kuma lissafi na bayanka ɗari bisa ɗari. Ƙa'idar da hukumomin kiyaye lafiyar ma'aikata a Ingila da Amurka ke koyarwa ita ce huɗu da ɗaya: duk tsayin mita 4, gindi ya fita mita 1, kusurwar kusan digiri 75. A jingina wannan tsanin haka, mutumin ya hau har ƙarshe, turin bango zai zama (100 + 600) ÷ 4 = 175 N. Raba da 800, μ ɗin da ake bukata 0.22 ce kawai. A yadda tambayar ta ajiye shi kuwa, kafin ya kai ƙarshe sai an samu 525 N, wato μ ta kusan 0.66. Ninki uku kenan, daga jan gindin tsani kawai.

'Yar Damagaram:
Sannunku da ƙoƙari. Ni daga Nijar nake bin zauren nan. A lise, wato sakandare, malaminmu ya koya mana wata hanya ta zane wadda ban ga kowa ya ambata ba, kuma ita ce ke nuna dalilin da ya sa nauyin mutumin bai cika tasiri ba. Idan ƙarfi uku ne kacal ke riƙe da abu, kuma ba a jere suke fuska ɗaya ba, dole layukansu su haɗu a ɗigo ɗaya. In ba haka ba abin zai juya.

A haɗe turin ƙasa da gogayya su zama kibiya ɗaya mai fita daga gindin tsani a karkace. A haɗe nauyin tsani da na mutum su zama nauyi ɗaya. Saura uku kenan da turin bango. Layin turin bango a kwance yake a tsayin mita 4. Layin nauyi a tsaye yake, a wani nisa d daga gindi. Inda suka gicciye, nan kibiyar ƙasa za ta nufa. Karkatarta kuwa d ÷ 4 ce, kuma ba za ta iya wuce 0.4 ba. Kenan d ba zai wuce mita 1.6 ba. Shi ke nan labarin.

Tsanin shi kaɗai layin nauyinsa na kan mita 1.5, saura santimita 10 ya kai iyaka tun kafin kowa ya taka. Shi ya sa ko wa ya hau, da zarar ya gota tsakiya kaɗan ya ja layin ya ƙetare 1.6. A jinginar huɗu da ɗaya kuwa, tsayi kusan mita 4.85 ne, iyakar d ta zama 1.94, gaba ɗaya tazarar gindi da bango kuma mita 1.21 ce. Layin nauyi ba shi da hanyar kaiwa 1.94. Ko buhu nawa mutum ya ɗauko, tsanin sai dai ya karye, ba dai ya zame ba.

Injiniya:
Madalla da ƙanwata. Wannan ita ce hujjar ƙa'idar a taƙaice: muddin μ ta kai 1 ÷ 4, wato 0.25, nauyin mai hawa ya fita daga maganar zamewa. Abin tsoro sai inda μ ta faɗi ƙasa da haka, kamar jiƙaƙƙen tayil ko daɓen da yashi ya barbaɗu a kai.

Birkila:
Yauwa, yashi a kan siminti, wannan shi ne mugun. Mu dai ko mu kafa bulo a bayan gindin, ko mu sa yaro ya taka ƙasan ya tsaya.

Ɗan Aji Shida:
Bari in gwada na yaron da tsanin tambayarmu. In yana da kilo 50 ya tsaya daidai gindi, turin ƙasa ya zama 1300 N, iyakar gogayya 520 N, shi kuma ba ya kawo juyi tunda a kan madogara yake. 2080 = 300 + 360x, x = 4.94 m. Kai! Saura santimita 6 ya kai ƙarshe.

Malam Mai Alli:
Daidai ne. Ka ga yanzu kai ke tuƙa lissafin.

Sarkin Fomula:
Duk na ji, kuma ban raina ba. Amma Malam a faɗa wa yaran nan gaskiya. JAMB tambaya 180 ce cikin awa 2, daƙiƙa 40 kowace tambaya, 40 daga ciki Fiziks. Wa ke da lokacin zana kibiya biyar? Na ba shi amsa cikin layi ɗaya, kun kai shi wuri ɗaya bayan dogon zagaye. Wanda ya haddace tsarin tambayoyin baya shi ke cin jarrabawa, wanda ya tsaya fahimta kuma lokaci ya ƙare masa.

Malam Mai Alli:
Ban musa maka batun lokaci ba. A zauren JAMB ba na son ɗalibina ya tsaya dogon zane. Amma saurin da kake taƙama da shi daga ina ya zo? Kai ma ka san abin da 360 ke nufi, shi ya sa ka rubuta ta ba tare da tunani ba. Shi da ka miƙa wa bai sani ba. Gobe a ce masa mutumin na tsaye a mita 1, nemo gogayya, zai rubuta 320 da ƙarfin gwiwa, amsa kuwa 165 ce. Masu tsara tambayoyin zaɓi sun san wannan ramin sarai, amsar kuskuren da aka fi yi sukan ajiye ta cikin zaɓuɓɓukan. Sannan a takardar rubutu ta WAEC da NECO ana ba da maki a kan matakan aiki. Amsa tsirara ba ta kwashe makin.

Sarkin Fomula:
To a yi zanen a gida, a yi haddar don zaure. Ni dai ban sauka daga kan bakana ba.

Malam Mai Alli:
In ka tsaya a nan ba mu da faɗa.

Mai Shiru:
Tambaya daga gefe. Me ya sa kullum sai a ce bango mai santsi? Bangon da na sani duk kaushi gare shi.

Injiniya:
Saboda in ba a ce haka ba, lissafin aji ba zai iya warware ta ba. A kan takarda sharuɗɗa uku gare mu: sama da ƙasa, hagu da dama, juyi. Abu uku da ba a sani ba kawai za su iya fitarwa. Ka ba bango kaushi, ka ƙara na huɗu, wato gogayyar bango. Abu huɗu, sharaɗi uku. Tsanin na tsaye abinsa, amma yadda bango da ƙasa suka raba nauyin ya dogara da yadda aka ajiye shi da yadda katakon ya ɗan lanƙwasa. Sai dai a ce maka duka wuraren biyu sun kai gaɓar zamewa, sannan ka samu ƙarin sharaɗi.

Irin wannan ne bambancin murhu da tebur. Tukunya a kan duwatsu uku, in ka san nauyinta da inda duwatsun suke, za ka faɗi abin da kowane dutse ke ɗauka. Tebur mai ƙafa huɗu kuwa ba za ka iya ba, ƙafa ɗaya na iya zama ba ta ɗauke da komai, shi ya sa ake cusa mata takarda. Yawancin gine-ginen kankare haka suke, sai an shigo da taurin ƙarfe da na kankare cikin lissafi. Wannan sai a jami'a. Kuma ɗaukar bango a matsayin mai santsi ba wauta ba ce: gogayyar bango taimako take yi, in ka yi lissafi ba tare da ita ba ka tsaya a ɓangaren da ya fi aminci.

Uwar Biyu:
Tunda ga masana sun taru, ni ma ga tawa, ba ta jarrabawa ba ce. Igiyar shanyata ta cika saki, zannuwa na jan ƙasa. Na sa aka ɗaure ta tamau tsakanin bango biyu, ta miƙe kamar layi. Ranar da na shanya barguna sai ga ƙusa ta fito da guntun filasta. Kayan nan su ne dai na kullum. Almajirin da ya ɗaure ta nake zargi, ko ƙusar ce ba ta shiga ba?

Malam Mai Alli:
Hajiya, a sake wa almajiri mara, ya yi abin da aka sa shi ne. Miƙewar ce ta cire ƙusar. Igiya tana ja ne a kan tsawonta kawai. Abin da ke riƙe kaya kada su faɗi shi ne ɗan rabon jan da ke kallon sama, wannan rabon kuwa daga lanƙwasar igiyar yake fitowa. In lanƙwasar ta yi kaɗan, dole jan ya yi yawa kafin ɗan rabon nan ya kai nauyin kayan.

A ce tsakanin bangon mita 6 ne, jiƙaƙƙun barguna kilo 10 sun taru a tsakiya, wato 100 N. Kowane ɓangare na ɗaukar 50 N a tsaye. In igiyar ta sauka santimita 60, sain na kusurwar, wato saukar a raba da tsawon rabin igiyar, kusan 0.196 ne, ja ya zama 50 ÷ 0.196, kusan 255 N. In an ɗaure ta har saukar ta zama santimita 15 kacal, sain ya koma 0.05, ja ya zama 1000 N. Kamar an rataya buhu biyu na siminti a jikin ƙusar, ana fizgar ta waje. Shi ya sa wayoyin lantarki tsakanin turaku ba a miƙe suke ba, da gangan ake barin su da ɗan ciki, har da la'akari da cewa ƙarfe na tsukewa in an yi sanyi.

Maganin naki: a sassauta igiyar, a ɗaga wurin ɗaurin sama, ko a kafa sanda mai baki biyu a tsakiya.

Uwar Biyu:
Ikon Allah. Sandar nan kuwa ita kakata ke sawa, ni na ɗauka rashin ƙusa ne. Na gode Malam.

Sarkin Fomula:
Ga inda nawa ke aiki. Ƙarfi uku a ɗigo ɗaya, ƙa'idar Lami kai tsaye: kowane ƙarfi a raba shi da sain na kusurwar da ke tsakanin sauran biyun, duk amsa ɗaya. Layi ɗaya an gama, ba sai an tsaya rarraba ƙarfi gida biyu ba.

'Yar Damagaram:
Gaskiya ne Yaya, a nan tana aiki, kuma in ka sauƙaƙa ta abin da Malam ya rubuta za ta ba ka, ja = nauyi ÷ (2 × sain θ), inda θ ce kusurwar da igiyar ta yi da layin kwance. Amma a rataya bargo biyu a wurare biyu daban, ko a ƙara wata igiya a ƙullin, ƙarfi ya zama huɗu, ka ga ko dai ka yi ta sau biyu ko ta ƙi gaba ɗaya. Rarrabawa zuwa tsaye da kwance ba ta da wannan iyakar. Kuma na sha ganin 'yan ajinmu sun ɗauki kusurwar da ke tsakanin igiya da layin kwance sun cusa a Lami, alhali kusurwar tsakanin ƙarfi biyun ake nema.

Malam Mai Alli:
Abin da ke ba ni sha'awa, wannan fanni ya girmi dokokin Niyuton nesa ba kusa ba. Arkimidis na Sirakus, wanda ya rasu a 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya riga ya tabbatar da ƙa'idar ma'auni, nauyi sau nisa a kowane ɓangare. Sabit ibn Ƙurra, da ya rasu a Bagadaza a 901, ya yi rubutu a kan sikelin sanda mai hannu ɗaya dogo ɗaya gajere. Simon Stevin a 1586 ya warware batun nauyi a kan gangara. Niyuton sai a 1687 ya zo ya nuna cewa tsayuwa wani yanayi ne na musamman a cikin dokar motsi, inda jimillar ƙarfi ta zama sifiri.

Direban Daji:
Malam, Allah ya ƙara basira. Maganar igiyar Hajiya ta tuna mini abin da muke yi da damina in mota ta kafe a taɓo ba mai ja. Mukan ɗaure igiya daga mota zuwa bishiya, mu ja ta tamau, sai mutum ya je tsakiya ya tura ta gefe. Motar kan ɗan motsa. Ashe abu ɗaya ne?

Injiniya:
Shi ne sak, an dai kwantar da shi ne. Igiya mita 20, ka tura tsakiyarta da 400 N ta kauce santimita 50: sain kusan 0.05, jan da ke kan mota 400 ÷ (2 × 0.05) = 4000 N. Ƙarfinka ya ninku goma. Amma ba kyauta ba ne. Da motar ta matso kaɗan igiya ta saki, kusurwa ta buɗe, ribar ta zube, sai an sa dutse a bayan taya an sake ɗaurewa. Igiyar roba mai miƙewa kuma ba ta yi, miƙewarta za ta shanye turin kafin mota ta ji. Sannan 4000 N ɗin nan bishiyar ma na jin sa, ƙullin ma haka.

Direban Daji:
Wannan gaskiya ne, sau da yawa sai an ɗaure an sake kafin ta fito. Kuma ba ma barin kowa ya tsaya a saitin igiyar, in ta tsinke bulala ce. A jikin ƙugiyar ja ake ɗaurawa, ba a bamba ba.

Mai Shiru:
Wani abu kuma. Mu a jami'a lakcara ya ce 9.8 za mu riƙa sawa, ku kuna ta 10. Amsar tsanin za ta sauya kenan?

'Yar Damagaram:
Gwada ka gani. Kowane ƙarfi a lissafin tsanin yana ɗauke da g, nauyi da turin ƙasa da gogayya duka, sai ta fita daga ɓangarorin biyu. 0.4 × 80 × 4 = 20 × 1.5 + 60 × 0.6x, wato 128 = 30 + 36x. x na nan 2.72. A igiyar Hajiya ce za ta yi tasiri, tunda can ƙarfi ake nema ba nisa ba: 980 N maimakon 1000.

Malam Mai Alli:
To ga na gobe, ga duk mai so. Katako mai tsawon mita 4 da nauyin kilo 30 an ɗora shi a kan durom biyu, ɗaya a ƙarshen hagu, ɗaya a mita 3 daga hagu, saura mita 1 na lilo a waje. Mai fenti mai kilo 60 na takawa zuwa wajen. Ina zai kai kafin katakon ya ɗaga? Kafin kowa ya taɓa kalkuleta, ya fara faɗa mini abin da ke faruwa da turin durom na hagu a daidai wannan lokacin.

Ɗan Aji Shida:
Turin na hagu zai zama sifiri, Malam, tunda katakon na shirin rabuwa da shi. Madogara durom na dama. Tsakiyar katako na mita 1 a hagunsa, 300 × 1 = 600 × y, y = 0.5 m. Rabin mita bayan durom ɗin.

Birkila:
Shi ya sa muke ɗora bulo biyu a ɗaya ƙarshen kafin kowa ya hau. Malam, a lissafa mana nawa ya kamata mu ɗora in ana so ya kai bakin katakon.

Ɗan Aji Shida:
Baba, a bakin katakon juyinsa 600 × 1 ne, katako na ba da 300, saura 300. Bulo na mita 3 daga madogara, 300 ÷ 3 = 100 N, kilo 10 kenan. Wannan shi ne daidai gaɓar ɗagawa, don haka a ninka shi, kuma a ɗaure bulon kada ya gangaro.